Yadda ake koyon tseren jirgin iska na mutum ɗaya a ruwan Legas

A cikin wasannin Olamfik akwai wata gasa ta maza da ba a cika jin labarinta a kafofin yaɗa labarai na Hausa ba, wato tseren ƙaramin jirgin ruwa marar inji, wanda mutum ɗaya yake tuƙawa da ƙyalle guda mai kama iska. Na ga ya dace in rubuta wannan bayani ne saboda matasanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende da Ijora, waɗanda kullum suke ƙetare gada suna hangen ruwa ta tagar mota, ba tare da sun san cewa ruwan nan filin wasa ne ba. Bahaushe ba baƙon ruwa ba ne, domin Sarkawan Yawuri da masuntan Argungu sun gaji sarrafa kwale-kwale kaka da kakanni, sai dai tuƙi da iska ilmi ne na daban, kuma yana da matakan da ba a tsallake su.

Abin da ya sa wannan gasa ta kwanta mini a rai shi ne, jiragen da ake yin ta da su duk iri ɗaya ne, doka ta hana a canza musu siffa ko nauyi, kuma a Olamfik masu shirya wasannin ne suke raba wa ’yan wasa jiragen. Saboda haka babu wanda zai ce kuɗi ne suka saya wa wane gudu. Abin da ya rage shi ne wanda ya fi iya karanta iska da ruwa, ya fi juriya, kuma ya fi kiyaye kansa daga babban kuskure.

Jirgin da sassansa

Jirgin da ake gasar maza da shi yanzu sunansa ILCA 7, a da kuma ana kiransa Laser. Wani mutumin Kanada mai suna Bruce Kirby ne ya zana shi, ya bazu a duniya tun farkon shekarun 1970, sannan ya shiga Olamfik a wasannin Atlanta na 1996. Tsawonsa mita 4.23 ne, gangar jikinsa tana da nauyin kilo 59 ko kusa da haka, faɗin ƙyallensa kuwa ya ɗan ɗara murabba’in mita 7. Kafin zuwansa akwai jirgin Finn, wanda ya fi shi nauyi, aka yi ta gasa da shi tun daga wasannin Helsinki na 1952 har zuwa na Tokiyo, kuma a kansa ne Paul Elvstrøm na Denmark ya ci zinariya a 1952 da 1956 da 1960. Daga wasannin Faransa na 2024 an cire Finn, ya zama ILCA 7 kaɗai ya rage wa maza masu tuƙi su kaɗai.

Kafin ka taka cikinsa, ka san sassansa da hannunka, ba da ido kawai ba. Akwai jigo, wato doguwar sandar da ke tsaye tana ɗauke da ƙyalle, akwai kuma sandar kwance da ke riƙe da gindin ƙyallen, wadda take shawagi daga wannan gefe zuwa wancan, kuma ita ce take yawan buge kan sabon shiga. A tsakiyar jirgin akwai wani dogon allo da ake zurawa cikin ruwa ta wata kafa, aikinsa shi ne hana iska tura jirgin a kaikaice. A baya akwai allon tuƙi da sandarsa. Sai babbar igiya, wadda ba ta barin hannun matuƙi, da ita ake jawo ƙyalle ko a sassauta shi. Bayan ita akwai ƙananan igiyoyi uku: ɗaya tana danne sandar kwance, ɗaya tana jan gaban ƙyallen ƙasa, ɗaya kuma tana miƙe gindinsa. Idan iska ta yi ƙarfi ana tsuke su domin ƙyallen ya baje ya rage tumbi, idan ta yi sanyi a sassauta su domin ya yi zurfi ya kama ɗan abin da yake akwai.

ILCA 7 yana buƙatar mutum mai nauyin kilo 80 ko sama da haka kaɗan, saboda nauyin jiki ne yake daidaita jirgin. Wanda bai kai haka ba kada ya takura kansa. Gangar jirgin ɗaya ce, ana canza ƙasan jigo da ƙyalle ne kawai, sai ya koma ILCA 6 ko ILCA 4 masu ƙaramin ƙyalle. Yara kuwa ’yan shekara 15 zuwa ƙasa sukan fara da wani ɗan jirgi mai suna Optimist.

Abin da za ka fara yi tun kana tudu

Ka koyi iyo tukuna. Wannan ba shawara ce da za a ɗauka ko a bari ba, domin jirgin nan zai kife da kai, kuma zai kife sau da yawa. Ka nemi wurin ninkaya mai malami, ka daure har ka iya yin iyo da tufafi a jikinka, ka iya tsayawa a ruwa mai zurfi ba tare da ka firgita ba. Ko bayan ka gwane, rigar kariya daga nutsewa wajibi ce duk lokacin da kake kan ruwa, kuma hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwan jihar ta wajabta ta ga masu shiga jirgi.

Bayan iyo sai neman inda za a koya maka. A Legas akwai Lagos Yacht Club, wanda aka kafa a 1932 kusa da Onikan a bakin tashar jiragen ruwa, akwai kuma ƙungiyar tuƙin jirgin iska ta sojojin ruwa a Ojo. Ka je da kanka cikin ladabi ka tambayi tsarinsu na masu koyo da ranakun da suke tsere. Kada ka yi gaggawar sayen jirgi, domin sabo yana da tsada ƙwarai, kuma wanda bai san abin dubawa ba zai iya sayen tsoho mai tsagewa a ramin jigo, wurin da ya fi saurin lalacewa a irin wannan jirgi. A ganina hanya mafi albarka ga matashin da ba shi da hali ita ce ya zama mai amfani a wurin, ya taya turo jirage bakin ruwa, ya taya wanke su, ya shiga jirgin alƙalai ranar tsere yana riƙe tuta ko agogo. Wanda ya zauna a jirgin alƙalai yana kallon yadda ake tashi yakan fahimci dokoki tun kafin ya riƙe igiya.

Jiki ma yana da nasa shiri. Idan iska ta kwantar da jirgi gefe ɗaya, matuƙi yakan saƙala ƙafafunsa a maɗaurin da ke tsakiya, ya fitar da ƙugunsa da bayansa waje a kan ruwa domin ya miƙar da jirgin, kuma yakan daɗe a haka na tsawon mintuna masu yawa. Cinyoyi da ciki ne suke ɗaukar wannan nauyi. Hawan keke da gudu da motsa jiki na ƙarfafa ciki suna taimakawa, kuma kafinta zai iya haɗa maka ɗan benci mai maɗaurin ƙafa da za ka riƙa gwada wannan zama a gida.

Sarrafa jirgi da iska

Tambayar farko a kowane lokaci ita ce, daga ina iska take fitowa? Ka saba da jin ta a kunnuwanka da wuyanka, ka dubi tutoci da hayaƙi, ka ɗaura ɗan zare a jirgin ya riƙa nuna maka. Jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai-tsaye, iyakar kusantar da zai yi mata ita ce kwana ta digiri 45 ko makamancin haka daga kowane gefe. Saboda haka idan wurin da za ka je yana can inda iska ke fitowa, sai ka tafi a karkace, ka yi dama ka yi hagu, kamar yadda mai tura baro da kaya yake hawan tudu. Duk lokacin da za ka canza gefe, za ka tura sandar tuƙi a hankali zuwa wajen ƙyalle, goshin jirgi ya ratsa ta cikin iska, ka sunkuya sandar kwance ta wuce ta kanka, ka koma ɗaya gefen kana fuskantar gaba, sannan ka musanya igiya da sandar tuƙi tsakanin hannuwanka ta bayanka. Sandar tuƙi tana aiki ne a juye, idan ka tura ta dama jirgi hagu zai nufa, kuma wannan yakan rikita mutum a kwanakin farko kafin hannu ya saba.

Ƙa’idar ƙyalle ba ta da wuyar riƙewa. In kana kusantar iska, ka jawo babbar igiya sosai, allon tsakiya kuma ya sauka gaba ɗaya. In iska tana zuwa ta gefenka, ka sassauta igiyar har gaban ƙyallen ya fara kaɗawa, sannan ka ɗan jawo ta har ya daina. In iska tana bayanka, ka sake ƙyallen ya buɗe, ka ɗaga allon tsakiya zuwa wajen rabi domin jirgi ya rage jan ruwa. A jikin ƙyallen akwai ƙananan zaruruwa a fuska biyu, kuma idan dukansu suna kwance a miƙe zuwa baya, to iska tana bin ƙyallen yadda ake so. Sababbin shiga sun fi yawan kuskuren jan igiya fiye da kima, suna zaton ƙarfin ja shi ne gudu, alhali ƙyallen da aka shaƙe kwantar da jirgi yake yi, ba ya tura shi gaba.

Juyawa yayin da iska take baya ita ce mafi haɗari, domin sandar kwance takan ƙetaro da ƙarfi a lokaci guda. Ka fara gwada ta a iska mai sanyi, wadda ba ta wuce kilomita 10 zuwa 15 a sa’a ba, kana riƙe da igiyar kana taimaka wa ƙyallen ya ƙetaro a lokacin da ka zaɓa.

Kifewa kuwa a koye ta da gangan, a wuri marar haɗari, malami yana kusa da jirgi mai inji. Ga yadda abin yake: jirgi ya kwanta a gefensa, ƙyalle yana shimfiɗe a kan ruwa, kai kuma kana ciki har wuya, ruwan gishiri ya shiga hanci. Kada ka saki jirgin ko da na ɗan lokaci ne, domin iska tana iya tura shi da saurin da ya fi iyonka. Ka tabbatar babbar igiya a sake take, ka zagaya ta baya kana dafe da jirgin, ka kama allon tsakiya da ya leƙo ta ƙasa, ka ɗora ƙirjinka a kansa, in ya ƙi ka hau ka tsaya a kai kusa da gangar jirgin kana riƙe da bakinsa. Za ka ji ƙyallen yana rabuwa da ruwa sannu a hankali, sannan jirgin ya miƙe gaba ɗaya. Ka kama maɗaurin ƙafa ka jawo kanka ciki. Wanda ya maimaita wannan har ya zame masa jiki ba ya ƙara tsoron iska, kuma sai tsoro ya tafi ne ake fara koyon gudu.

Halin ruwan Legas

Mafi yawan shekara iskar Legas daga kudu maso yamma take fitowa, wato daga teku, kuma takan ƙara ƙarfi da rana bayan ƙasa ta ɗauki zafi, shi ya sa fita bayan sallar Azahar ta fi ta sassafe amfani. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas takan iso da hazo, ta zama mai rauni da yawan sauye-sauye. Abin da ya fi buƙatar hattara shi ne hadarin farkon damina da na ƙarshenta, wanda yakan taso daga gabas da guguwa mai tsanani cikin ’yan mintuna. Da zarar ka hango gabas ta yi baƙi, ka nufi tudu, kada ka jira ka ga ko zai wuce.

Sai maganar gudun ruwa. Teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a cikin dare da yini, kuma duk ruwan tafkin Legas ta mashiga ɗaya yake fita, wadda ta bi ta gefen Tarkwa Bay. Idan janyewa ta haɗu da ruwan damina, ruwan yakan yi gudun da ƙaramin jirgi ba zai iya yi masa gardama ba in iska ta yi sanyi. Na taɓa jin wani dattijo mutumin Yawuri, wanda ya daɗe yana tuƙa jirgin fasinja a wannan yanki, yana magana da wani saurayi da ya tsaya yana kallon tuta. Ya ce masa, “Ɗana, kafin ka ɗaga kai sama, dubi gangar can da aka ɗaure, ka ga inda ruwa ya kwantar da ita.” Saurayin ya ce, “Baba, ai iska nake dubawa.” Dattijon ya ce, “Iska ƙyallenka za ta tura, ruwa kuwa jirgin gaba ɗaya zai ɗauka.” Saboda haka ka duba jadawalin cikowa da janyewar teku kafin ka fita, kuma ka sani cewa ruwa ya fi gudu a tsakiya inda yake da zurfi, ya fi sanyi a gefe. In yana gāba da kai ka bi gefe, in yana tare da kai ka shiga tsakiya.

Manyan jiragen kaya masu shiga Apapa da Tin Can ba sa iya tsayawa ko kaucewa, don haka hanyarsu ba wurin wasa ba ce, kuma jiragen fasinja masu gudu suna tayar da igiyar ruwan da ya kamata ka tare ta da goshi. Leda da ciyawar ruwa sukan maƙale a allon tsakiya, kuma in ka ji jirgi ya yi nauyi ba dalili, ka ɗaga allon ka mayar. Ka kuma kiyayi tarun masunta, domin abincinsu ne.

Dokoki da tashi

Hukumar World Sailing ce take fitar da dokokin tsere, tana sabunta su duk bayan shekara huɗu. Suna da yawa, amma kaɗan ne za ka riƙa haɗuwa da su kullum. Idan jirage biyu suka haɗu, iska tana shigo wa ɗaya ta dama, ɗaya kuma ta hagu, na hagun ne zai ba da hanya. Idan ta gefe ɗaya take shigo musu kuma suna jere, wanda ya fi kusa da inda iska ke fitowa shi ne zai kauce. Wanda yake baya shi zai kiyayi na gabansa. A wurin zagaya alama, wato gangar da aka ɗaure a kan ruwa domin nuna hanyar tsere, idan na ciki ya riga ya jera da kai kafin ku shiga tazarar tsawon jirgi uku daga alamar, dole ka ba shi wurin wucewa. Wanda ya taɓa alama zai yi juyi ɗaya cikakke a matsayin hukunci, wanda ya ci haƙƙin wani jirgi kuma juyi biyu. Kai ne za ka hukunta kanka nan take, in kuwa ka ƙi, abokin karawarka zai shigar da ƙara gaban alƙalai bayan an sauka, kuma ana iya soke maka tseren baki ɗaya. Akwai kuma doka ta 42, wadda ta hana tura jirgi ta hanyar girgiza shi ko fizgar ƙyalle a kai a kai ko kaɗa allon tuƙi. A manyan gasa alƙalai suna biye a ƙananan jirage, su busa usur su nuna tuta rawaya, karo na farko juyi biyu, karo na biyu ficewa daga tseren.

Tashi shi ne wurin da ya kamata ka fi ba wa lokaci. Layin tashi ba a zane yake ba, tazara ce tsakanin jirgin alƙalai da wata alama. Saura minti biyar a ɗaga tutar gargaɗi da ƙara, saura huɗu a ɗaga tutar shiri, saura ɗaya a sauke ta, sannan a sauke ta farkon, tsere ya fara. Burinka shi ne ka iso layin da cikakken gudu daidai lokacin da aka busa, ba kafin nan ba. Kafin a fara ƙirga, ka je tsakiyar layin ka fuskantar da goshin jirginka ga iska, duk ƙarshen da goshin ya fi karkata gare shi, shi ne ya fi kusa da alamar farko. Ka kuma tsaya a wajen jirgin alƙalai ka hangi wani gini ko bishiya a tudu da ta yi saiti da ɗaya ƙarshen, domin da ita za ka san ko ka ƙetare layi yayin da jirage suka rufe maka gani. A mintin ƙarshe za ka ga jirage sun jeru kafaɗa da kafaɗa, ƙyallaye suna ta kaɗawa da ƙara, kowa yana kallon agogon hannunsa yana ƙoƙarin barin ɗan fili a gefensa na ƙasa da iska, wato gefen da ke nesa da inda iska ke fitowa. Wannan fili shi ne dukiyarka, domin a cikinsa za ka ɗan sunkuyar da goshi ka ɗauki gudu saura daƙiƙa biyar ko shida. Idan alƙalai suka ɗaga baƙar tuta, duk wanda ya leƙa gaban layi a mintin ƙarshe an kore shi daga wannan tsere, ko da an sake tashi.

Bayan tashi, ka nemi iska mai tsabta, domin ƙyallen wanda ke gabanka yana dagula iskar da za ta iso gare ka. Ka riƙa kallon fuskar ruwa, inda ya yi duhu yana ɓalli-ɓalli nan iska take. Iska ba ta tsayawa a kan hanya ɗaya, takan ɗan karkata dama ta dawo hagu. Idan ta karkata ta tilasta wa goshinka nesanta daga alamar da kake nufa, lokacin juyawa ne ya yi, idan kuwa ta ɗaga ka zuwa ga alamar, ka ci gaba. Sau da yawa wannan kaɗai ne yake raba na farko da na ashirin, alhali gudunsu ɗaya.

Lissafin maki

Gasar Olamfik ba tsere ɗaya ba ce. A tsarin da aka bi a wasannin baya-bayan nan, ana shirya tsere goma cikin kwanaki, kowanne yana ɗaukar wajen minti 45 zuwa 50. Na ɗaya yana samun maki ɗaya, na biyu maki biyu, haka har ƙarshe, kuma mai mafi ƙarancin maki shi ne a gaba. Ana yafe wa kowa tserensa mafi muni guda ɗaya. Daga nan jirage goma na sama su shiga tseren lambobin yabo, wanda aka fara yi a wasannin 2008, gajere ne, makinsa ninki biyu ne, kuma ba a yafe shi. Wanda aka kora daga tsere yakan kwashi maki daidai da yawan jiragen gasar da ƙarin ɗaya.

Ma’anar wannan lissafi ita ce, wanda yake zuwa na huɗu ko na biyar a kai a kai ya fi wanda yake cin tsere yau gobe ya zo na talatin. Don haka kada ka bi can gefen fili kai kaɗai kana fatan sa’a, kuma kada ka yi jayayya a kan ɗan taƙi a bakin alama har ta kai ka gaban alƙalai. Haka kuma mummunan farawa ba ƙarshen gasa ba ne. A Tokiyo, Matt Wearn na Ostareliya ya zo na 17 a tseren farko, na 28 a na biyu, amma ya natsu ya riƙa zuwa cikin na gaba-gaba har ya tabbatar da zinariya tun kafin tseren ƙarshe, sannan ya sake cin ta a Marseille a 2024, inda ƙarancin iska ya sa aka yi ta ɗage tsere. Da wannan Ostareliya ta riƙe zinariyar sau huɗu a jere, tun daga Tom Slingsby a 2012 da Tom Burton a 2016.

Wanda ya iya lissafi yakan yi amfani da shi a kan ruwa. A 1996 Robert Scheidt na Barazil da Ben Ainslie na Birtaniya dukansu sun ƙetare layi kafin lokaci a tseren ƙarshe aka kore su, kuma hakan ya bar zinariya a hannun Scheidt. Bayan shekara huɗu a Sidni, Ainslie ya ga cewa hanyarsa ita ce ya hana Scheidt zuwa cikin na gaba, sai ya tsare shi a baya tun daga tashi, yana toshe masa iska bisa doka, har ya karɓe zinariyar. Ka nemi hotunan bidiyon waɗannan tsere a intanet ka kalle su da takarda a hannu, kana lura da inda kowa ya juya da abin da ya sa.

Hanyar zuwa manyan gasa

Kowace ƙasa jirgi ɗaya take da shi a wannan gasa, kuma ana samun gurbi ne ta gasar duniya da gasannin neman cancanta, ciki har da gurbin da ake ware wa nahiyar Afirka. Ba sai babbar ƙasa ba, domin Pavlos Kontides ya ci wa Saifurus lambar Olamfik ta farko a tarihinta, ta azurfa, a wannan jirgi a 2012, ya ƙara wata azurfar a 2024, shekarar da Stefano Peschiera na Peru ya ci tagulla. Wasanni na gaba a Los Angeles za a yi su a 2028. Ga ɗan Najeriya, hanya tana farawa ne daga tseren ƙungiya na ƙarshen mako, sannan gasar ƙasa a ƙarƙashin hukumar da ke kula da tseren kwale-kwale da tuƙin jirgin iska, sannan gasar Afirka, kuma tafiya ce ta shekaru.

A tserenka na farko, ka sa wa kanka buri mai sauƙi, wato ka tashi a kan lokaci, ka zagaya alamomi yadda aka tsara, ka gama ba tare da hukunci ba. Ka tafi da ruwan sha da hula mai maɗauri da agogo mai ƙirga mintuna a juye. Bayan an sauka, ka wanke jirgi da igiyoyi da ruwan daɗi saboda gishiri yana cin ƙarfe, ka shanya ƙyalle kafin ka naɗe shi, sannan ka je wurin waɗanda suka riga ka isowa ka tambaye su gefen da suka bi da dalilinsu. Ka rubuta amsarsu a littafi tare da inda iska ta fito a ranar da ko teku yana cikowa ne ko yana janyewa, domin irin wannan yanayi zai sake dawowa a mako na gaba ko na bayansa.